Farcen Garayar Baba

Ranar Talata da hantsi aka kai Baba makwancinsa. Mutanen unguwarmu a Tambuwal sun yi kuka iyakar kuka, amma rabin idonsu yana kan hanyar Kebbe. Ina cikin gida tare da mata, kuma ko ta bayan zana ina jin abin da ake raɗawa a zaure. Zai zo, ko ba zai zo ba? In ya zo, da wace fuska zai shigo? Wanda ake nufi shi ne Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shekara bakwai ke nan bai taka ƙofar gidanmu ba.

Gwaggo, babbar yayarsu, ba ta tsaya raɗa ba. Tana share hawaye da gefen mayafi ta dubi bangon ɗakin mamacin, ta ce, "Ku ɗauke garayar nan ku ɓoye tun ba a yi baƙi ba. Wanda yaɗ ɗauki fata, mi za ya hana shi ɗaukar garaya?"

Tsofaffin maharba sun zo su shida, suka zauna gefe guda ba su taɓa furar da aka kai musu ba. Babbansu ya ce wa maigidana, "Mu kam tun shekara bakwai munka yi rashin ubanka. Yau dai anka kai shi." Limamin unguwa, wanda bai taɓa son sana'ar Baba ba, ya yi addu'a mai tsawo, ya ƙara da cewa bai taɓa jin marigayin ya yi ƙarya ba. Wata maƙwabciya ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Ƙarya kam bai yi ba, amma wa yab bari bai zarga ba?"

Washegari da azahar Baffa ya sauka daga motar kasuwa. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya yi sallama aka amsa masa ciki-ciki, aka matsa masa gefen tabarma, kuma na ga wani ya jawo takalmansa kusa da ƙafarsa. Ni ce na aika masa da ruwa.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci shi nake amfani da shi yau, don kada a manta da shi, don kuma kada a tuna da shi a karkace. Akwai abin da na sani game da mutumin nan wanda masu zaman makoki ba su sani ba.

Gaskiyar maƙwabciyata ce, Baba mutum ne mai zargi. In ka ba shi goro sai ya ɓare shi, ya duba tsakiya, ya sansana, sannan ya gutsura kaɗan ya jira ya gani. In ka gaishe shi ka cika fara'a, zai amsa har ƙarshe, sannan ya karkata kai ya ce, "To, mi kaka so?" Da maigidana ya sayo rediyo, Baba ya ce akwatin da ya iya magana ba yadda za a yi ya kasa ji, saboda haka duk lokacin da za a yi zancen gida sai ya sa an lulluɓe shi da bargo. Shekarar da aka sauke tutar Turawa gari ya cika da kiɗa, 'yan makaranta suna ta kaɗa 'yan tutoci, shi kuwa yana zaune bakin zaure yana kallo. Aka ce masa, Baba, an ba mu mulkin kanmu. Ya ce, "Bature ya ba ku abu da hannunai, shina murmushi? Ku bincika ƙasan kayan."

Amma in ya ɗauki garaya, sai ya zama wani mutum daban. Makaɗin maharba ne, kamar ubansa da kakansa. In za a fita farauta ko an dawo, da la'asar ake taruwa a filin bayan gidanmu, ya zauna ya ɗora garayar a cinya. Tsirkiya biyu ce kawai a jikinta, amma na sha ganin dattijo mai furfura ya zabura tsaye yana kirari, jikinsa yana ɓari, har sai an riƙe shi. Ni da na taso a Sanyinna gidan manoma, ban san itace da fata suna iya yi wa mutum haka ba sai da aka kawo ni gidan nan.

Ba da yatsa ake kaɗa garaya ba. Akwai ɗan guntun busasshiyar fata mai tauri da makaɗi ke riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni yana bugun tsirkiya da shi, shi ake kira farce. Wanda bai sani ba zai tsince shi a ƙasa ya share da tsintsiya. A wurin Baba kuwa, garayar kanta ba ta kai shi daraja ba. Na taɓa jinsa, ina daka a bayan zana, yana yi wa maigidana bayani, ko da yake maigidana tela ne, bai gaji kiɗan ba.

"Tsirkiya bebiya ta," in ji Baba. "Farce ka ba ta baki. In kay yanka shi da kauri, murya ta yi nauyi ta cika fili, amma hannu ya gaji. In kay yanka shi da sirantaka, hannu ya yi gudu, murya ta koma ta yara. In baki yay yi tsini, kowace kalma a ji ta daban. In yad daddaɗe, sai kalmomi su rungumi juna. Kai kana jin kiɗi, ni ina jin fata."

Nasa farcen na fatar dorina ne. Ubansa ya samo fatar wajen Sarkawa masunta tun kafin a haifi maigidana, kuma da zai rasu ya bar wa Baba abin da ya rage, guntu kamar tafin hannu biyu, mai kauri, baƙi ƙirin. Farce ɗaya yana yi masa shekaru. Kullum da safe yakan shafa masa ɗan man shanu ya murza, har wurin da babban yatsansa ke zama ya lotsa ya yi gurbi. Yakan ce dorina a ruwa take kwana a tudu take kiwo, shi ya sa fatarta ta san taushi ta san tauri: ba ta yin laushi da damina, ba ta tsagewa da bazara. Baffa ma makaɗi ne a Kebbe, amma shi da ƙirgin sa yake kiɗa, wato ɗanyar fatar shanu da aka busar. Ya sha roƙon yayansa ko ɗan yanki ne, Baba yana cewa sai an gani.

Wata na uku da kawo ni gidan abin ya faru, 'yan makonni bayan bikin tutar. Farcen Baba ya cinye ya yi ƙanƙane, ya yanke shawarar yanka sabo. Fatar dorina ba ta yankuwa a bushe, sai an jiƙa ta kwanaki, don haka ya sa ta a ƙwarya da ruwa ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ni ban san da wannan ba, sai daga baya. Abin da na sani shi ne an ce Baffa zai zo cin kasuwa ya kwana, Inna uwar maigidana ta tafi suna Dogon Daji, tukunya tana hannuna ni kaɗai a karo na farko, kuma ina so a yaba.

A gidanmu suruki ba ya miƙa wa matar ɗansa abu hannu da hannu, ita ma ba ta ɗaga ido ta dube shi, balle ta tambaye shi wani abu. In Baba ya sayo nama, ƙarƙashin rumbun da ke kusa da madafi yake ajiyewa, ya yi gyaran murya, ya wuce. Da sassafen ranar na hango bayansa ta ƙofar ɗakina, ya sunkuya ya tura wata ƙwarya ƙarƙashin rumbun, ya yi ɗan tari, ya fita. Shi ɓoyewa ya yi, don kada ƙanensa ya shiga ɗakinsa ya gani. Ya zaɓi wurin da namiji baƙo ba zai leƙa ba. Ni kuwa da na buɗe na ga fata ta sha ruwa ta kumbura, sai na ce Allah sarki, Baba ya sayo ganda don baƙonsa.

Na kankare ta, na wanke. Wuƙar Inna ta ƙi cinta sai da na wasa sau uku. Na ɗora tun hantsi, azahar ta yi tana nan kamar takalmi, na jefa kanwa na ƙara itace. Sai bayan la'asar ta sallama. Na haɗa miyar kuka, na tuƙa tuwon dawa, na kwashe gandar kaf na zuba a akushin dattawan biyu, ko yanka ɗaya ban rage wa kaina ba. Ina laɓe ina saurare na ji Baba yana cewa, "Saniyar ga ta ga duniya, amma amarya ta iya da ita." Ranar na yi ta murmushi ni kaɗai ina wanke-wanke.

Da gari ya waye, ina shara, Baba ya shigo ya sunkuya ƙarƙashin rumbun. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Kafin ya gama faɗin abin da ya ɓata, ni na riga na gane. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna, na shige madafi. Ƙwaryar tana kife cikin nawa ƙore, na taka ta ta fashe, na cusa sakainun cikin wuta. Wannan ma na yi shi, kuma da hankalina na yi.

Maigidana ya fito, Baffa ya shigo da jakarsa a kafaɗa yana shirin tafiya. Baba ya tsaya tsakar gida ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, in wanda yat taɓa fatag ga ɗan gidan ga na, ba ya ƙara kwana cikinai. Ko ɗan cikina na, ko matatai, ko uwatai."

Kowa ya san Baba ba ya rantsuwa ya janye. Ta ramin zana na ga Baffa ya juyo ya dubi madafi, kallo ɗaya, sannan ya mai da ido ga yayansa.

"Yaya, bar mutanen gida," ya ce. "Su ba su san darajatta ba."

"To wa yas san darajatta in ba kai ba?" Baba ya fizge jakar ya zazzage ta ƙasa, bai ga komai ba. "Ka riga ka ba wani ya wuce da ita. Shi yas sa kaz zo min da ganda, ka toshe min baki da daɗi kana yi min sata!"

Baba ya ɗauka gandar tsarabar Kebbe ce. Na jira Baffa ya ce shi bai kawo wata ganda ba, na san daga nan tawa ta ƙare. Bai ce ba. Ya durƙusa ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "In haka kag gani, Yaya." Ya fita. A lokacin na ɗauka fushi ne ya hana shi magana, har na yi wa Allah godiya.

Da Inna ta dawo ta ji labari, ta zo madafi ta tsaya a kaina tana kallona. Ta ce, "Amarya, ke ba ki ga wata ƙwarya ba?" Kafin in buɗe baki, muryar Baba ta fito daga ɗakinsa: "Ki bar ɗiyar mutane. Yarinyar da ko inuwata ba ta takawa?" Inna ba ta sake tambaya ba.

Tsohon farcen ya ƙara yi masa damina ɗaya, sannan ya tsage biyu ana tsakiyar kiɗa. Daga nan Baba ya shiga nema. Ya aika wajen Sarkawa, suka ce dorina ta yi nisa, kuma hukuma ta hana taɓa ta. Wani ɗan koli ya kawo masa wata fata ya rantse ta dorina ce, Baba ya lasa ya ce jaki ne, ya kore shi. Ya gwada ƙirgin sa irin na ƙanensa, ya ce yana magana kamar mai mura, kuma da an yi ruwa sai ya yi laushi ya lanƙwashe a hannu. Ya fere ƙahon akuya, ya ce wannan faɗa yake da tsirkiya, murya mai kaifi marar ciki, ga santsi in hannu ya yi gumi, kuma cikin mako guda ya tsinka masa tsirkiya biyu. Har sakaina ya gwada, ta farfashe a bugu na uku.

Maigidana ya je Kaduna sayen keken ɗinki, ya dawo masa da 'yan fallayen roba guda biyu irin waɗanda masu jita ke kiɗa da su, ɗaya siriri ɗaya mai kauri. Baba ya ɗaga su a rana yana dubawa, ya sansana, ya ce abin da ba shi da wari ba shi da asali. Amma da ya ga babu kowa a tsakar gida sai ni a madafi, ya gwada. Siririn yana lanƙwasa yana marin tsirkiya, ƙaf-ƙaf, ƙarar robar ta fi ta garayar. Mai kaurin ya ɗan fi, har ya yi waƙa guda da shi, sannan ya ajiye. Na ji yana magana shi kaɗai: "Shina da murya, amma ba ya ɗumi a hannu. Shekara goma kana riƙe da shi ba ya sanin yatsanka." Ya ba Inna ta riƙa kankare tukunya da su.

A kunnena kiɗansa bai lalace ba. Amma maharba sun ji. Suna zuwa, suna zama, suna jinjina masa, sai dai babu mai zabura. Wata la'asar ya yi wa babbansu takensa har sau uku, dattijon yana zaune yana wasa da ƙasa. Baba ya sauke garayar ya shigo gida bai yi wa kowa sallama ba. Bayan haka suka fara aikawa Kebbe in za su fita babbar farauta. Da labarin ya zo masa cewa ƙanensa yana tada maza tsaye, ya ce, "I mana. Da fatar ubanmu shika yi." Wani maharbi ya rantse masa da ƙirgin sa ya ga Baffa yana kiɗa. Baba ya ce, "An saye ka."

Duk da haka, duk ranar kasuwa sai ya je rumfar mutanen Kebbe, ya yi ta taya kayan da ba zai saya ba, sannan ya ce kamar ba da gangan ba, "Ɓarawon nan shina nan da rai?" In aka ce lafiyarsa lau, ya yi tsaki ya tafi. Shekarar da aka ce masa Baffa yana kwance, bai ci abincin kirki ba kwana uku, sannan ya ba wani mai jaki damin gero biyu ya ce a kai, a ce daga Jabo ne, kada a ambaci sunansa.

Zargin nasa ya yi ta girma yana cin gida. Ya daina karɓar goron kowa. Ya ce an yi wa hannunsa sammu, ya ce an saka masa wani abu a rijiya. A ƙarshe har tuwon Inna ya daina ci, matar da suka yi shekara arba'in tare, wai ya gan ta tana gaisawa da wata 'yar Kebbe. Abincin mutum ɗaya kawai yake ci a duniya, nawa. In na ajiye akushi bakin ƙofarsa na yi gyaran murya, ba ya sansanawa, ba ya jira ya gani. Da na haifi ɗiyata ta fari na yi jinya mai tsawo, kwana arba'in yana shan fura kawai wadda ya dama da kansa, kuma kowace la'asar yana zama bayan bangon ɗakina yana taɓa garayar da tsokar yatsa, ba farce, a hankali yadda ba zai tada jaririya ba. Ina kwance ina ji ina kuka, ana cewa zafin jego ne.

Kada wani ya ce ban yi niyyar faɗa ba. Na yi, ba sau ɗaya ba. Amma ta ina matar ɗa za ta fara? Da fari na ce sai na haihu. Da na haihu na ce sai na yaye. Sau biyu na durƙusa gaban Inna da maganar a bakina, na ƙare da tambayar ko akwai daddawa. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara sabawa da ita. In faɗi gaskiya, na ji daɗin zama wadda Baba ya yarda da ita, kuma ban so in rasa wannan ba.

Kwana biyu kafin ya cika ya tara mutanen gida ya yi wasiyya: kada garayarsa ta shiga hannun wanda ya ɗauki fatar ubansa. Da suka fita ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi in ya ajiye cefane. Na matso bakin ƙofa na durƙusa, fuskata a gefe. Ya turo wani ɗan ƙullin tsumma da sandarsa har gabana. Tsohon farcen ne, ɓari biyu.

"Amarya," ya ce, don har ya rasu haka yake kirana, "riƙe wanga. Duk gidan ga ke ɗai ba ki taɓa cuta ta ba."

Na buɗe baki. Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba."

Ranar shida da rasuwa, ana gobe sadakar bakwai inda za a raba kayansa, Baffa ya shigo ciki gaida Inna. Ta amsa masa ba ta ɗago ba. Da zai fita ya biyo ta gaban rumbun nan, na sha gabansa na durƙusa.

"Baffa, fatar nan ba sace ta aka yi ba. Ni na dafa ta."

"Na sani," ya ce. "Da kanwa."

Na ɗago na dube shi, abin da ban taɓa yi ba.

"Shekara fuɗu niy yi cikin Sarkawa, ɗiyata. Na ci dorina. Loma ta fari nig gane. Na dubi Yaya shina tauna gadon ubanmu shina lumshe ido, na rasa dariya za ni ko kuka. Nic ce bari ya kwana da daɗin, da safe in gaya mishi cikin raha. Sai yar riga ni da rantsuwa."

"To me ya hana ka faɗa, duk shekarun nan?"

"Maganar taki ta, ba tau ba. Nic ce in ɗauke miki kwana bakwai, zuciyatai ta huce, ki gaya ma Inna, ta lallaɓa shi, ya yi azumi ukku na kaffara, mu taru mu yi dariya. Kwana bakwai nika nufi." Ya dubi ƙarƙashin rumbun. "Kowace Salla ina zama ƙofar gida ina duban hanyar Tambuwal, ko an aiko."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Nawa mai sauƙi na, na yafe. Wanda yat tafi da ƙanenai ɓarawo a zuciya, shi ya kamata ya ji, kuma ba ya nan."

Washegari bayan an yi addu'a, Gwaggo ta fito da garayar daga inda ta ɓoye, ta ce tun da babu magaji sai a rataye ta ta ruɓe, ya fi. Na miƙe cikin mata na faɗi komai, tun daga ƙwarya har sakainun da na ƙona, da murya yadda za a ji a zaure. Babu wanda ya yi dariya, ko da yake abin dariya ne. Gwaggo ta riƙe baki. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke? Ya bar tuwona shekara ukku don naki?"

Liman ya ce rantsuwa tana bin mai ita kabari, babu abin da ya hau kaina. Maigidana bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Ni dai na san abin da Baba ya faɗa a tsakar gidan nan, kuma na riga na ci masa shekara bakwai ina kwana inda ya rantse ba zan kwana ba. Na goya ƙaramin, na riƙe hannun babbar. A gidan mahaifina a Sanyinna nake wannan rubutu, yau kwana ashirin, ba a aiko ba tukuna. Yanzu na san yadda ake duban hanya.

Kafin in fito, an miƙa wa Baffa garayar a zaure, wanda ya jawo takalmansa ranar nan shi ya fara ba shi hannu. Ya karɓa bai taɓa tsirkiyar ba. Na aika masa da ƙullin tsumman, na tsaya bayan zana ina gani. Ya kwance, ya haɗa ɓarin biyu, ya ɗora babban yatsansa a gurbin da yatsan yayansa ya lotsa. Tun da ya sauka daga motar kasuwa babu wanda ya ga hawayensa, sai a lokacin.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya yafe masa zargin da ya yi wa bayinsa. Ya zargi goro, ya zargi rediyo, ya zargi matarsa da ɗan'uwansa. Sau ɗaya tak ya yarda da mutum bai bincika ƙasan kayan ba.